Yadda Ake Binciken Abinci da Motsa Jiki Tare da Matasa: Jagora Daga Montreuil

Akwai kuskuren da kusan duk sabon mai binciken lafiyar al'umma yake yi idan aiki ya haɗa shi da matasa. Zai zauna a ofis ya tsara tambayoyinsa tsaf, ya samo kuɗi, ya buga takardu, sai ana saura mako biyu a fara ya tuna cewa masu ba da kuɗin sun ce a sa matasa a ciki. Nan da nan a tara yara goma, a ba su lemo da biskit, a tambaye su ko launin takardar ya yi musu, a ɗauki hoto. A rahoto kuma a rubuta cewa tare da matasa aka yi aikin. Ɗaliban jami'a na yin haka, ma'aikatan ƙungiyoyin unguwa na yi, har da likitocin da niyyarsu ba ta da aibi ko kaɗan. Dominsu aka rubuta wannan jagora, aka kuma ɗora ta a kan Montreuil, garin da ke manne da Paris ta gabas, a cikin yankin Seine-Saint-Denis.

Mazauna Montreuil sun haura 110,000, kuma 'yan Afirka ta Yamma, musamman 'yan Mali, sun yi yawan da har ake yi wa garin laƙabi da Bamako-sur-Seine. Seine-Saint-Denis ce ta fi kowane yanki na babban tudun Faransa talauci: fiye da kashi ɗaya bisa huɗu na mutanenta suna ƙasa da ma'aunin talauci na hukuma. Wannan yana da alaƙa da jikin yara kai tsaye. Binciken da ma'aikatar lafiya ta Faransa ta yi a 2017 a kan ɗaliban ajin ƙarshe na ƙaramar sakandare ya nuna kashi 18 cikin 100 nauyinsu ya wuce kima. A cikin 'ya'yan leburori kashi 24 ne, a cikin 'ya'yan manyan ma'aikata kuwa kashi 12. Ta ɓangaren motsa jiki, alƙaluman da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2019, daga ɗalibai miliyan 1.6 a ƙasashe 146, sun ce kashi 81 cikin 100 na 'yan shekara 11 zuwa 17 ba sa samun awa ɗaya ta motsa jiki a rana, 'yan mata kashi 85, samari kashi 78.

Alƙaluman sun tabbatar da matsalar, amma sun yi shiru a kan abin da ke faruwa tsakanin ƙofar makaranta da ƙofar gida: wane shago ake tsayawa, nawa ke aljihu, wane fili ne yarinya ba ta iya shiga bayan la'asar. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Dalilin sa matasa cikin bincike ke nan, domin binciken da aka yi ba tare da su ba yakan fito da amsa mai kyau ga tambayar da ba ita ce ta dame su ba.

Abubuwan da za a tanada

Na farko lokaci. Aikin yana cin shekarar karatu guda, daga Satumba zuwa Yuni, kuma kalandar makaranta ce ke mulki. Montreuil tana ƙarƙashin hukumar ilimi ta Créteil, kuma hutunta na Fabrairu da na Afrilu ba ya faɗowa rana ɗaya da na Lyon, don haka mai aiki a garuruwan biyu ya duba wannan tun farko. Yammacin Laraba yawancin makarantun collège, wato ƙaramar sakandare, ba su da darasi, shi ne lokacin taro mafi sauƙi, sai dai shi ne kuma lokacin wasannin makaranta. Watan Yuni na jarrabawa ne, kada a sa rai da kowa a taro.

Na biyu manya biyu aƙalla, mace da namiji, ɗayansu wanda unguwa ta sani, kamar ma'aikacin cibiyar matasa. Sai ɗakin taro da ba aji ba. Sai kuɗin mota, na abinci da na tafinta. Sai kayan aikin kansu: babbar taswirar unguwa a takarda, wayoyi ko kyamarori mallakin aikin, na'urorin auna motsi idan da hali, littafin hotunan da ke nuna girman kason abinci, da ma'ajiyar bayanai mai kulle. Ana bukatar jadawalin sinadaran abinci guda biyu: Ciqual na hukumar Anses ta Faransa, da jadawalin abincin Afirka ta Yamma na 2019 na hukumar FAO. Abu na ƙarshe, wanda aka fi mantawa da shi, shi ne sunan nas ko likitan da ya yarda a tura masa yaro idan wata matsala ta ɓullo. Montreuil tana da cibiyoyin lafiya mallakin hukumar gari, daga nan ya kamata a fara nema.

Mataki na 1: A yanke abin da matasan za su mallaka

Sashe na 12 na Yarjejeniyar Haƙƙin Yara ta 1989, wadda Faransa ta amince da ita a 1990, ya ba yaro haƙƙin faɗin ra'ayinsa a kan abin da ya shafe shi, a kuma ba ra'ayin nauyi. A 1992 Roger Hart ya zana tsani mai hawa takwas na shigar da yara cikin aiki, ya ce hawa uku na ƙasa, wato juya su, yin ado da su da kuma sa su don cika ido, ba shigarwa ba ne sam. Laura Lundy ta jami'ar Queen's da ke Belfast ta ƙara fayyace batun a 2007 da sharuɗɗa huɗu: wurin magana, damar magana, mai sauraro, da tasiri. A sharaɗi na huɗu yawancin ayyuka suke faɗuwa.

A aikace, a ɗauki takarda ɗaya a raba ta gida uku: abin da matasa za su yanke su kaɗai, abin da za a yanke tare, da abin da ya rage a hannun manya, kamar doka da tsaron bayanai. A karanta musu ita ranar farko. Matashi yana iya haƙura da iyaka idan an gaya masa ita tun da wuri. Abin da ba ya yafewa shi ne a ce masa aikin nasa ne, sai a watan Maris ya gane an gama yanke komai ba da shi ba.

Mataki na 2: Doka da izini

Nan ne sababbi suke ɓata wata uku ko huɗu saboda rashin sani. A Faransa dokar Jardé ta 2012, wadda ta fara aiki a 2016, ita ke tsara binciken lafiya da ake yi a kan mutum. Idan aikin ya faɗa ƙarƙashinta, misali za a auna jiki domin gano wani abu na likitanci, dole ya bi ta kwamitin kare mutane da ake kira CPP, kuma ba mai bincike ke zaɓen kwamitin ba, ƙuri'a ake jefawa. Idan kuwa binciken zamantakewa ne zalla, na hira da lura da unguwa, kwamitin ɗa'a na jami'a ake kai wa. A tambayi wanda ya san dokar kafin a rubuta shafi ɗaya, domin sauya hanya a tsakiya yana nufin komawa farko.

Wanda bai kai shekara 18 ba, iyayensa ne ke ba da izini, amma dokar ta ce idan yaron ya ƙi, ba a tsallake ƙinsa. Saboda haka takarda biyu ake yi, ta iyaye da ta yaro, tasa a rubuce da yaren da ɗan shekara 13 zai gane. Wasu suna jin cewa ɗan shekara 15 a Faransa yana iya amincewa da kansa a kan bayanansa, sai su ɗauka sun huta da iyaye. Wancan hukunci na shafukan intanet ne, bai ɗauke izinin iyaye a binciken lafiya ba.

Sai batun bayanai. Dokar Tarayyar Turai ta kare bayanai, wadda ta fara aiki a watan Mayun 2018, da dokar Faransa ta 1978 da ta kafa hukumar CNIL, sun sa bayanan lafiya, na addini da na ƙabila cikin masu tsananin kariya. Wanda ya saba da takardun Najeriya ko na Nijar, inda ake tambayar ƙabila da addini a layi na uku, ya yi hattara. Ko tambayar ko yaro yana azumi tana bayyana addininsa, don haka sai an nuna wa kwamiti dalilinta. Idan za a shiga makaranta kuma, izinin shugabanta wajibi ne.

Akwai kuma maganar kuɗi, kuma a nan dole a bambanta mutum biyu. Yaron da ake bincike a kansa, dokar lafiya ta hana a biya shi lada don ya shiga. Yaron da ke aikin binciken da hannunsa kuwa aiki yake yi. Daga shekara 16 ana iya ɗaukarsa aiki da yardar iyaye. Ɗan 14 ko 15 sai a lokacin hutu, da izinin hukumar duba ƙwadago. Inda albashi bai yiwu ba, a biya kuɗin mota da abinci, a ba da takardar shaida mai hatimi, a kuma duba ko aikin zai zama horon sanin makamar aiki da ɗaliban ajin troisième, wato ajin ƙarshe na collège, da na seconde, ajin farko na lycée ko babbar sakandare, suke nema kowace shekara. Rashin adalci ne babba ya karɓi albashi a kan bayanan da yaro ya taka da ƙafarsa ya tattaro kyauta.

Mataki na 3: Zaɓen matasa da zama da iyaye

Kuskuren da aka saba shi ne a ce wa shugaban makaranta ya ba da yara masu hankali. Zai ba da wakilan aji da masu iya magana, waɗanda galibi su ne ke cikin kulob ɗin wasanni, su ne kuma ke cin abincin rana a makaranta. Waɗanda binciken ya fi bukata su ne akasin haka: yarinyar da kullum take kawo takardar uzuri ranar darasin wasanni, yaron da ke fita waje da rana ya ci abin Yuro biyar, mai naƙasa, da wanda bai daɗe da zuwa ƙasar ba, Faransancinsa bai nuna ba tukuna. A bi ta cibiyoyin unguwa a La Noue, Le Morillon, Bel-Air da La Boissière, kada a tsaya a tsakiyar gari inda hanyar metro ta sauƙaƙa wa mai bincike zuwa.

Mutum takwas zuwa goma sha biyu sun isa ƙungiya. A raba 'yan 12 zuwa 14 da 'yan 15 zuwa 17, in ba haka ba ƙanana za su yi shiru. A ware wasu zama na 'yan mata su kaɗai, domin akwai maganar jinin al'ada, ta ɗakin sauya kaya da ta kallon da ake yi musu a fili, waɗanda ba za su fito a gaban samari ba. Wurin taron ma yana tace masu zuwa. Dokar 2004 ta hana ɗalibai sa alamun addini bayyanannu a makarantun gwamnati, don haka yarinyar da ke sa hijabi a waje ta fi sakewa idan taron a cibiyar unguwa yake.

Iyaye kuwa ba a aika musu takarda a jakar yaro a zauna jira. Zuwa ake yi, a gaisa yadda ya kamata, a tambayi gida da aiki, sannan a ce, Baba, izininku muka zo nema, ko kuma, Mama, ga abin da muke son yi da 'yarku. A faɗa musu ƙarara cewa ba za a tambayi takardun zama ba, ba kuma za a kai bayanan gidansu ga wata hukuma ba, domin wannan tsoron ne ke sa da yawa su ƙi sa hannu ba tare da sun faɗi dalili ba. A zo da tafinta na Soninke, Bambara, Larabci ko Hausa. Kada a sa yaron ya fassara wa mahaifinsa takardar izinin da ta shafe shi.

Mataki na 4: Horarwa da fitar da tambaya

Zama huɗu ko biyar na farko na koyo ne: mene ne bambancin ra'ayi da shaida, yaya ake tambaya ba tare da an sa wa mutum amsa a baki ba, me ake nufi da riƙe sirri. Su gwada hira a junansu, su saurari muryarsu, su gyara. Daga nan a shimfiɗa taswira, kowa ya zana hanyarsa ta yau da kullum da inda yake tsayawa.

Daga taswirar tambaya take fitowa. Babba yakan zo da tambaya irin ta "shin matasa sun san amfanin kayan lambu?" Sun sani. Tun 2001 Faransa take da shirin ƙasa na abinci da lafiya, kuma tun 2007 tallan abinci ke ɗauke da saƙon a ci kayan marmari da na lambu biyar a rana. Babu ɗan makarantar da bai haddace shi ba. Tambayar matasa takan fi kaifi: me ya sa rabin ajinmu ba sa cin abincin makaranta? Me Yuro biyar ke saya a tafiyar minti biyar daga ƙofar makaranta? Su wa ke amfani da filin ƙwallon unguwa daga ƙarfe biyar zuwa bakwai? A zaɓi ɗaya, ko biyu idan an matsa.

Mataki na 5: Tattara bayanan abinci

Hanyar da ta fi dacewa da matasa ita ce ta hoto, wadda Caroline Wang da Mary Ann Burris suka fara da matan karkara a lardin Yunnan na Sin a farkon shekarun 1990. Kowa ya ɗauki hoton abin da ya ci da inda ya saye shi har mako guda, sannan a zauna shi ya yi bayanin hotonsa. Ƙa'ida ɗaya ba a sassauta ta: ba a ɗaukar fuskar kowa ba da izininsa ba, kuma hotunan ba sa shiga Snapchat ko TikTok. Shi ya sa wayar aiki ta fi wayar yaro.

Hanya ta biyu ita ce ƙirgar shaguna. Tun Satumban 2005 doka ta fitar da injinan sayar da lemo da alewa daga makarantun Faransa, amma ikonta ya ƙare a bakin ƙofa. Matasa biyu biyu, da babba a kusa, su bi titunan da ke kewaye da makaranta su rubuta kowane shago, abin da yake sayarwa da farashinsa: gidan burodi, shagon kebab da 'yan yankin Paris ke kira "grec", shagon soyayyar kaza, da na tacos, wato naɗin nama da soyayyen dankali da miyar cuku da ake danganta asalinsa da unguwannin gefen Lyon irin su Vaulx-en-Velin. Kayan kwali da na gwangwani suna da sauƙi: da yawa suna ɗauke da alamar Nutri-Score mai haruffa A zuwa E, wadda Faransa ta amince da ita a 2017, kuma tawagar Farfesa Serge Hercberg ce ta samar da ita a Bobigny, a cikin wannan yanki na Seine-Saint-Denis. Rumbun Open Food Facts, wanda aka kafa a 2012, kyauta ne, kuma kowa na iya ƙara kaya a cikinsa. Idan yaro ya lissafa da kansa cewa gwangwanin kola mai santilita 33 yana ɗauke da sukari kusan giram 35, alhali iyakar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara ga mai cin kalori 2,000 ita ce kusan giram 50 a yini, ba ya bukatar lacca.

Abincin gida ne ke ba da wahala, kuma a nan ne mai binciken da bai san gidajen Afirka ba yake tafka kuskure mafi girma. Takardun tambaya na Turai sun ɗauka kowa da farantinsa. A gidaje da yawa na Montreuil kuwa tire ɗaya ake kewayewa, shinkafa da miyar gyaɗa ko tuwo da miyar kuɓewa, kuma ba wanda zai iya cewa giram nawa ya ci. Matasan su ne za su warware wannan: su kawo ludayi da kwanon gidansu a auna, su ƙirga malmala, su tambayi uwa yawan manja da dunƙulen Maggi da ta sa a tukunya da yawan bakin da suka ci. Zoɓo da lemon citta na gida ba su da takarda a jiki, sukarinsu sai an tambayi mai haɗawa. Idan aka nemi waɗannan a jadawalin Faransa kaɗai, za a rasa su ko a maye gurbinsu da abin da bai yi kama da su ba. Amfanin jadawalin FAO ke nan. Kuma kada mai bincike ya shigo da zaton cewa abincin gida ne matsalar. Sau da yawa wake, gero, kifi da ganyen da ke tukunyar uwa sun fi abin da ake saya a hanya.

A lura da lokaci. Watan azumi yana matsowa da kusan kwana 11 kowace shekara, kuma makon da aka auna a cikinsa ba ya wakiltar sauran shekara. Ƙarshen wata ma ba ɗaya yake da farkonsa ba a gidan da albashi ke ƙarewa da wuri.

Mataki na 6: Auna motsi

Tambayar "kana yin wasanni?" tana ɓatar da rabin gaskiya. Yarinyar da ke kai ƙannenta makaranta da safe, ta ɗauko kayan cefane daga kasuwar Croix de Chavaux, ta hau bene hawa shida ranar da lif ya lalace, za ta amsa da a'a. Na'urar auna motsi, wadda ake ɗaurawa a ƙugu kwana bakwai, tana kama wannan, amma ita ma tana da makanta: ba ta auna tuƙa keke da kyau, ana cire ta wurin ninƙaya, kuma yara suna mantawa da ita ranar Asabar. A haɗa ta da ɗan littafin da yaro zai rubuta abin da ya yi. A kuma bar matasan su yanke yadda za a sa ta, domin su suka san wadda za ta jawo tsokana a aji.

Lura da fili ya fi arha. Su zauna a Parc des Beaumonts, Parc Montreau ko Jean-Moulin–Les Guilands, a sa'o'i daban daban, su ƙirga masu wasa, maza nawa, mata nawa, 'yan shekara nawa. A yi a Disamba, lokacin da rana ke faɗuwa a Paris wajen ƙarfe biyar, a sake a Yuni, lokacin da take kaiwa kusan goma na dare. Su kuma duba abin da makaranta ke bayarwa: darasin wasanni awa huɗu ne a mako a ajin farko na collège, uku a sauran azuzuwan, biyu a lycée. Wato yana raguwa daidai shekarun da yara, musamman mata, suke barin kulob.

Mataki na 7: Kariya daga cutarwa

Binciken abinci yana iya cutar da matashi, wannan kuwa ba ƙaramin abu ba ne. Kada matasa su auna nauyin junansu, ko da wasa. Idan dole a auna, ma'aikacin lafiya ne zai yi, a ɗaki a rufe, ba tare da kiran lamba da ƙarfi ba. Kada a yi gasar rage ƙiba, kada a raba abinci zuwa na kirki da na banza, kada a sa yara ƙirga kalorin kansu kullum. Shekarun nan ne cutar ƙin cin abinci take kama yara, kuma kalma ɗaya daga bakin babba tana iya zama mafarinta. A yi magana a kan shaguna, farashi da filaye, a bar jikin mutane.

Wani yaro zai faɗi abin da ba a tambaye shi ba: cewa babu abincin dare a gida, ko ana dukansa, ko yana tilasta wa kansa amai. Tun ranar farko a gaya wa kowa cewa sirri yana da iyaka, idan rai ko lafiya na cikin haɗari za a nemi taimako. Matashin mai bincike ba shi zai ɗauki wannan nauyi ba, aikinsa ya sanar da babba a ranar. Lambar 119 ta yaran da ke cikin haɗari kyauta ce dare da rana, kuma akwai gidajen kula da matasa irin su Maison de Solenn a Paris da Casita a asibitin Avicenne na Bobigny.

Mataki na 8: A karanta sakamako tare

Nan ne masu bincike suka fi kwashe bayanai su koma jami'a, su dawo bayan wata shida da zane-zane. Maimakon haka, a cire sunaye, a buga hotuna da maganganu a kan kati, a baza a tebur, matasan su tara masu kama da juna su ba kowane tari suna. Babba zai ga cewa yara ba sa cin abincin makaranta ya ce ba su son kayan lambu. Su kuwa za su iya ce masa layi ne ke cinye rabin lokacin hutu, ko kuɗin ne, ko rashin tabbas a kan naman. Inda fahimtar manya da ta matasa suka saɓa, a rubuta duka biyun. A kuma tuna unguwa ƙarama ce: "yarinya 'yar Nijar mai shekara 14 a aji kaza" suna ne, ko da ba a rubuta suna ba.

Mataki na 9: A kai wa mai iko, a kuma dawo da amsa

Shawarar da ta ce matasa su ƙara ƙoƙari ba ta canza komai. Binciken ICAPS, wanda Farfesa Chantal Simon, da ta koma Lyon daga baya, ta fara a 2002 da ɗalibai 954 a makarantun collège takwas na Bas-Rhin, ya buɗe wa yara damar motsa jiki kyauta, ba gasa, a lokacin hutun rana da bayan darasi, ya kuma jawo iyaye da malamai. Bayan shekara huɗu, a cikin waɗanda suka fara da nauyi daidai, haɗarin yin ƙiba ya ragu da fiye da rabi. A shirin CO-CREATE na Tarayyar Turai, daga 2018 zuwa 2023, inda 'yan shekara 16 zuwa 18 a Norway, Holand, Poland, Portugal da Birtaniya suka tsara shawarwarinsu, abin da suka nema ya karkata ga talla, harajin lemo, abincin makaranta da wasanni kyauta.

Don haka a san ƙofar da za a ƙwanƙwasa, domin a Faransa iko a rarrabe yake. Ɗakin cin abinci na collège a Montreuil yana hannun majalisar yankin Seine-Saint-Denis da ke Bobigny, na lycée yana hannun jihar Île-de-France, na firamare da yawancin ɗakunan wasanni suna hannun magajin gari, wuraren ninƙaya kuwa na hukumar haɗin garuruwa ta Est Ensemble ne. A Lyon, tun 2015 hukumar Métropole ce ke riƙe da makarantun collège. Wanda ya kai ƙorafin abincin lycée ofishin magajin gari, za a yi masa tafi a sallame shi. Matasan su gabatar da kansu, da buƙatu biyu ko uku da aka rubuta sarai, a kuma nemi amsa a rubuce. Sunayensu su fito a rahoto idan su da iyayensu sun yarda. Bayan wata shida a sake tara su a gaya musu abin da aka yi da kowace buƙata, har da wadda aka ƙi da dalilin ƙin ta. Kuɗin wannan zama a ware shi tun ranar da ake rubuta kasafi.

Iyaye Hausawa da ke zaune a yankin Paris da Lyon kuwa, idan irin wannan aiki ya zo unguwarku, ku tambayi masu shi abu uku: wane kwamiti ne ya amince da shi, ina za a ajiye bayanan 'ya'yanku, kuma yaushe za a dawo muku da sakamako. Idan amsar ta gamsar da ku, ku ba da izini, kuma ku ba 'yan mata kamar yadda za ku ba samari.